Ranar da Sidi Ya Hau Soro

"A kwashe! Na ce a kwashe a mayar masa da tsiyarsa!"

Muryar Malam Amadu ce ta karaɗe gidan, har kajin da ke tono a gindin turmi suka watse. Ya sa ƙafa ya shuri akwatin lefe, murfin ya ɓalle, turamen atamfa suka zube a ƙasa.

'Yarsa Hindatu ta rarrafo ta durƙusa a gabansa, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Baba, don girman Allah ka saurare ni, magana ɗaya kawai..."

"Rufe mini baki! Ke har kina da bakin magana? Uwarki na ɗaki ta kasa ɗaga ido ta dubi mutane, ke kina nan kina yi wa ɗan iska kuka? Wallahi Sidi ba zai ƙara taka ƙofar gidan nan ba. Ga yaron kirki can, Abdoul Razak, shi ya fara zuwa yi mini jaje, kika ƙi shi kika kwaso mana mai hawa bisan mutane."

Ya figi carbinsa daga kan tabarma ya fice, yana huci.

To, wanda bai san unguwar Tudun Ƙaya ba, in ya ji wannan faɗa sai ya ɗauka Sidi sata ya yi, ko kuwa kan wani ya fasa. Ko ɗaya. Soro ya hau. Bari in warware muku, don ni kaina abin har yau yana ci mini rai.

Tudun Ƙaya can ƙarshen garin Magariya take, inda turakun kuran, wato wutar lantarki, suka gaji suka tsaya. Masu dako ne a cikinta, da 'yan kabu-kabu, da zawarawa masu tuya. In rana ta faɗi sai 'yar tocila, yara su kewaye ta da littattafan lakwal, wato boko, suna ture-ture. Wayar hannu kuwa sai an kai ta shagon Abdoul Razak a bakin titi, inda injinsa ke ruri yini guda, a biya shi ya cika mata wuta. Sola kowa ya san da ita, ana hango ta a saman gidajen manyan 'yan kasuwa, amma wane talaka ne zai saye ta a tashi ɗaya?

Hindatu ce ta kawo dabarar. Tela ce, kekenta na ƙafa, kuma ta gaji da zura zare a allura cikin duhu. Ta tara matan unguwa suka kafa adashe. Kowace ranar kasuwa a zuba abin da ba zai hana cefane ba. Wadda kwasa ta zo kanta ba a danƙa mata kuɗi, balle mai gida ya ce a ranta masa. Ƙaramin panno, wato faifan sola, ake sayo mata, da batir, da ampul biyu, wato ƙwan fitila. Mai haɗa kayan kuwa Sidi ne, ɗan garin Dungas, wanda ya koyo aikin a Damagaram, ya kuma yarda ya riƙa yi musu a kan ladan da bai taka kara ya karya ba.

Ba sai na ɓata muku lokaci da yadda so ya shiga tsakaninsu ba. Kafin ampul ya kama a rabin gidajen layin an kai goro, an sa rana bayan kaka, lefe ma ya iso. Abdoul Razak, wanda ya daɗe yana aiken neman auren Hindatu ana maido masa, ga ciniki kuma yana zarewa, ya haɗiye abin, amma a wuya ya tsaya masa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. A unguwa irin wannan katanga gajeruwa ce, makewayi kuma ba shi da rufi, sama ce rufinsa. Don haka duk namijin da zai hau soro, ko mai yaɓe ne ko mai gyaran indararo, dole ya bi ƙofar maƙwabta ɗaya bayan ɗaya ya ɗaga murya: "Salamu alaikum, za a hau bisa!" Sai mata su kwashe abin da za su kwashe su shige ɗaka, sai an ce an sauko. Sidi bai taɓa wasa da wannan ba. Har matan adashe suna tsokanarsa, in sun hango shi su ce ga Za-a-hau-bisa nan tafe.

Sai kwasa ta zo kan Gwaggo Ɗela, tsohuwar bazawara mai ƙosai, wadda katanga ɗaya ce ta raba gidanta da na Malam Amadu.

Ina Sidi ina tsayawa a ƙofar surukai ya buɗe maƙogwaro? Mutumin da in ya hango Dada, uwar Hindatu, a kan hanya, sai ya faɗa wani lungu ko da ba inda yake fita! Don haka ana gobe zai hau, ya buga wa Hindatu waya.

"Gobe da hantsi zan hau soron Gwaggo. Ki faɗa a gida, kin san ba zan iya yin shela a ƙofarku ba."

"Kai dai da kunya kamar amarya," ta ce tana dariya. "Zan faɗa."

Ba ta faɗa ba. Kuma ba mantuwa ba ce, kada in yi mata ƙarya.

Tun da aka sa rana Malam Amadu ya ce zance ya isa haka, kowa ya zauna a gidansu sai biki. Ta daɗe rabonta da ganin Sidi ido da ido. Ta san in ta faɗa, Dada za ta kore ta ɗaki ta saki labule. Sai ta yi lissafinta ita kaɗai: Baba zai tafi kasuwa da sassafe, Dada za ta fita kai fura daga nan ta wuce gidan suna, ita kaɗai za a bari. Sai ta sa sabon ɗinki ta zauna a tsakar gida kamar mai tsintar wake, ya leƙo ya gan ta, ta yi masa murmushi. Iyakar abin da ta so ke nan. Wauta ce, amma wa ya taɓa so bai yi wauta ba?

Da hantsi tana cikin ɗaki gaban madubi tana gyara ɗaurin kallabi, ta kwance ta sake, ta kwance ta sake. Ba ta ji shigowar Dada ba. Ashe fura ce ta zubar mata a zane a hanya, ta dawo ta watsa ruwa kafin ta je cikin mutane. Ta ɗauki bokiti ta shige makewayi.

A daidai lokacin Sidi ya gama shela a sauran gidaje, ya jingina tsani, ya hau da panno a kafaɗa. Hankalinsa kwance, don ya san an faɗa. Ya miƙe tsaye a kan soron, ya juya yana neman inda rana ta fi bugu.

"Innalillahi! Namiji!"

Ƙarar Dada ce. Hindatu ta fito a guje, sai ta hango Sidi ya jefa hannu ya rufe idanunsa, ya ja da baya, ya ƙara ja da baya. Babu sauran soro a bayansa. Ji kake tim! A kan duwatsun murhun Gwaggo Ɗela ya sauka, hannu ya karye, panno ya tsage biyu.

Masu sayen ƙosai suka cika gidan. Kafin azahar babu wanda bai ji ba a Tudun Ƙaya, kafin la'asar labarin ya kai tasha. Abdoul Razak kuwa, Allah wadaran halinsa, duk wanda ya zo karɓar waya sai ya ƙara masa gishiri: wai ai ba yau Sidi ya fara ba, wai da ma solar dabara ce ta leƙen matan mutane, wai wa ya sani ko har hoto yake ɗauka.

Dattawa suka kira Sidi ƙofar masallaci, hannunsa ɗaure da karan mai ɗori.

"Ka yi shela a ƙofar Malam Amadu?" in ji liman.

"Ban yi ba."

"To ka aika wani?"

Sidi ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Laifina ne, Malam."

Nan take aka yanke: ba ya ƙara hawa soron kowa a unguwar, ya tattara kayansa ya bar musu wuri. Wasu ma har cewa suke a sauke waɗanda aka riga aka ɗora. Matan da suka yi ta zubi kwasa ba ta zo kansu ba suka yi tsuru-tsuru.

Wannan shi ne abin da ya sa Malam Amadu shurin akwati.

Bayan fitarsa Hindatu ta tsince atamfofin ɗaya bayan ɗaya tana kakkaɓe musu ƙasa, kuka yana cin ta. Sai ga kan Gwaggo Ɗela ta saman katanga.

"Ke, share fuskarki ki zago. Sidi ya zo kwasar kayan aikinsa. In an tambaya ki ce awon riga kika zo yi mini."

A zauren Gwaggo ta same shi, zaune a kan buhun wake, yana ƙoƙarin naɗe waya da hannu ɗaya. Ya rame, leɓensa ya bushe. Gwaggo ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa ta ba su baya.

"Sannu da jiki," Hindatu ta ce.

"Da sauƙi. Yaya Dada?"

"Ba ta ci, ba ta fita. Sidi, me ya sa ba ka gaya musu ka bugo mini ba?"

"In gaya musu don me? Mantuwa kika yi, kowa yana mantuwa. In na faɗa, kanki za su dawo."

Ta durƙushe a wurin, ta cusa kai cikin gwiwa.

"Ban manta ba."

Wayar da yake naɗewa ta suɓuce ta warware a ƙasa.

"Me kika ce?"

"Da gangan na yi shiru. Na ɗauka ni kaɗai ce a gidan. So na yi in zauna a tsakar gida ka gan ni, ni ma in gan ka. Wallahi iyakarta ke nan, ban san Dada ta dawo ba. Ka zage ni, Sidi. Ka ce mini wani abu, don Allah kada ka yi shiru."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗin ji, sai ga hawaye.

"Don ki gan ni? Haba Hindatu! Saura kaɗan fa ki riƙa ganina safe da yamma har ki gaji. Kaka kawai muke jira. Gero ma ya fara fitar da kai."

"Na cuce ka."

"Kin cuce mu."

Kalmar ta shige ta har ƙashi. Bai taɓa yi mata magana mai zafi ba sai yau, kuma ta san bai ƙara ko ɗigo a kan gaskiya ba.

"Yanzu zan je in faɗa wa Baba," ta ce tana miƙewa. "In ya so ya kashe ni."

"Zauna! Ba ki san mutanen nan ba ne? Yau cewa suke Sidi ɗan iska ne. Gobe cewa za su yi 'yar Malam Amadu ce ke baje kanta a tsakar gida don maza su leƙo, har ta jawo aka ga tsiraicin uwarta. Wa zai ƙara kawo miki ɗinki? Wace mace za ta ƙara ba ki zubinta? Ni namiji ne. In na warke in tafi Waca ko in koma Dungas, soraye ba su ƙare ba. Ke ina za ki?"

"Matan adashe fa? Sun hana bakinsu sun zuba. Ga Gwaggo, nata ma ya fashe tun bai kama ba."

Gwaggo Ɗela ta yi tsaki ba tare da ta juyo ba.

"Ni ku cire ni a ciki. Da duhu aka haife ni, da shi na yi aure, da shi na binne miji. Ku ji da kanku."

Hindatu ta daɗe tana murza gefen mayafinta, sannan ta yi tambayar da ke cin ta tun ranar.

"Sidi... me ka gani?"

Ya kawar da kai da sauri kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Kada ki ƙara yi mini wannan tambayar. Har abada."

"Ka yi haƙuri."

"Ƙiftawar ido ce, Allah ne shaidata. Amma ba abin da na gani ne ke hana ni barci ba. Ta ɗago kai, Hindatu. Idonmu ya haɗu. Ta san na gan ta, ni ma na san ta sani. Ko duk Magariya ta wanke ni, wannan wa zai wanke shi?"

"Kana nufin ka haƙura da ni?"

"Ni? In haƙura da ke?" Ya girgiza kai. "Da zan iya, da ban zauna ina shan zagi a ƙofar masallaci ba. Ina son ki yau kamar jiya, har da haushinki da nake ji. In Baba ya sauko gobe, gobe nake so a ɗaura. Amma ba a hannuna take ba, kuma ba a hannun Baba take ba. Je ki dubi Dada."

Ta fito ta nufi gida. Ta rantse a ranta ba za ta ƙara kwana da wannan magana a ciki ba, ko me Sidi zai ce.

Ɗakin Dada labule a sake yake, ga zafi kamar a gasa mutum, amma tana ƙudundune cikin babban mayafi har ka. Kwanon tuwo na gefe, ko buɗe shi ba a yi ba. Dada 'yar masu shanu ce daga Dogo-Dogo, irin matan da kunya ta zame musu jini. Tun da aka kawo ta gidan nan ba a taɓa jin sunan mijinta a bakinta ba, ba ta taɓa cin abinci a gaban danginsa ba. Hindatu ce autarta, ita kaɗai ce mace, ita kaɗai take sakewa da ita.

"Dada."

"Auta. Kin ci abinci?"

Wannan tambayar ce ta ƙarasa karya ta. Ta faɗi a kan ƙafafun uwar ta riƙe su gam, ta zayyana komai, tun daga wayar har ɗaurin kallabi. Ba ta rage ko ɗaya ba.

Dada ba ta motsa ba. Da marinta ta yi da ya fi sauƙi. Can ta janye mayafin daga fuskarta, idanun sun kumbura sun yi ja.

"Ashe ke ce."

"Ni ce, Dada. Ki yafe mini."

"Na yi ta tunani, wane zunubi na yi Allah ya tona mini asiri da tsufana. Ashe 'yata ce ta tuɓe ni da hannunta."

"Wayyo Dada, kada ki ce haka!"

"To in ce yaya? Na goye ki, na rufe ki tun kina tsumma, ko ƙuda ban bari ya ga cibiyarki ba. Ke kuma saboda murmushi..." Ta kasa ƙarasawa, ta toshe baki da mayafi.

Suka yi ta kuka su biyu, babu mai ba wani haƙuri. Sai da ladan ya fara gyaran murya don magariba sannan Dada ta share fuska.

"Yaron nan ba shi da laifi, kuma ban taɓa cewa yana da shi ba. Na ga yadda ya rufe ido. Wanda ya zo leƙe ba zai jefo kansa daga soro ba."

Hindatu ta ɗago da sauri.

"To Dada ki faɗa wa Baba! Ke kaɗai zai saurara."

"Zan faɗa. Ba zan bari a ci zalin ɗan mutane ba, ga matan nan kuma sun zuba guminsu suna jiran haske. Amma sunanki ba zai fito ba. Na san Malam, in ya ji ke ce, zai furta abin da ba ya komawa. Ki bar mini wannan."

"Allah ya saka miki, Dada, Allah ya..."

"Tsaya, ban gama ba."

Ta kamo hannun Hindatu ta riƙe. Hannun sanyi ƙalau.

"Kina son sa, na sani. Shi ma yana son ki. In kin ce a ɗaura, ba zan hana ba, ni da kaina zan lallashi Malam. Amma ki ji da kyau, Auta, don kada ki ce ban gaya miki ba. Ranar da aka ɗaura, ranar zan hau mota in koma Dogo-Dogo wurin 'yan'uwana, kuma ba zan dawo ba."

"Dada!"

"Ba fushi ba ne. Ba horo nake miki ba. Ba zan iya ba ne. Suruki fa! Mutumin da zai zo gaisuwar salla ya durƙusa a ƙofar ɗakina, in amsa masa da wane baki? In dafa abinci in aika masa, yana ci yana tuna me? In kin haihu, shi zai kawo ki gida wanka, ya riƙa zuwa duba ɗa. Duk sallamar da zai yi sai na ji kamar ina cikin makewayin nan. Na gwada a raina, wallahi na gwada saboda ke. Da in zauna gari ɗaya da shi yana surukina, gara in mutu a bayan shanu."

"Sai mu tafi Dungas mu zauna, ba zai taɓa zuwa nan ba, ni kaɗai zan riƙa zuwa..."

"Ki zo mini da 'ya'ya masu idonsa? Mutane kuma su riƙa nuna ni, ga wadda mijin 'yarta ya gani? A'a. In ba ki aure shi ba, baƙo ne da tsautsayi ya gifta da shi, shekara biyu an manta. In kin aure shi, abin ya shigo gida ke nan, har jikoki sai sun ji."

"Dada, kina cewa in zaɓa ne tsakaninki da shi?"

"Ban ce ba. Na gaya miki abin da zan iya da wanda ba zan iya ba. Kin girma, ba yarinya ba ce ke. Duk wanda kika ɗauka ba zan tsine miki ba."

Hindatu ta dubi uwarta. Ta rame a 'yan kwanakin nan, wuyanta ya zama kamar na tsohuwa. Ta tuna Dogo-Dogo, bukkar kawunanta a bakin gona, babu likita kusa, ga Dada da ciwon ƙafa duk damina. Ta tuna Sidi a kan buhun wake yana cewa gobe yake so a ɗaura. Ta ji kamar ana tsaga ta da wuƙa, ta rasa wane ɓarin ne nata.

Gyaran muryar Malam Amadu suka ji a tsakar gida, ya dawo daga masallaci.

"Har yanzu akwatunan nan suna nan? Ba na ce a fitar da su ba?"

"Malam," Dada ta kira daga ciki. "Shigo, ina da magana."

Ya ɗaga labule da mamaki, don tun ranar bai ji muryarta da ƙarfi haka ba. Dada ta ja mayafi ta sunkuyar da kai.

"Yaron nan an zalunce shi. Ya aiko. Tun ana gobe ya aiko cewa zai hau, Auta ta gaya mini. Ni ce na sha'afa, hankalina ya tafi gidan suna. Kunya ce ta hana ni faɗa, shi kuma ya rufa mini asiri a gaban mutane."

Hindatu ta buɗe baki, Dada ta matse mata hannu har sai da ƙashi ya yi ƙara.

Malam Amadu ya dafa bango.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kika bari na ci mutuncin yaro a gaban jama'a? Da karyayyen hannu?" Ya sauke numfashi. "Gobe da asuba zan tsaya a masallaci in janye maganata. Ya koma aikinsa, duk mai son haske a sa masa. Wanda ya ce hoto ake ɗauka kuma zai maimaita a gabana."

Ya juyo ya dubi 'yarsa, muryarsa ta yi laushi.

"Na yi rantsuwa cikin fushi, amma rantsuwa tana da kaffara, zan yi. Ba zan haɗa masa zalunci biyu ba. Hindatu, share hawayenki. A mayar da akwatunan ɗaki, ranar da aka sa tana nan."

Abin da ta yi ta roƙon Allah ke nan, ga shi an miƙo mata. Ta juya ta dubi Dada. Dada ba ta dube ta ba, ta saki hannunta a hankali, ta mayar da nata cikin mayafi.

"Baba."

"Na'am."

"A mayar masa da kayan. Na fasa."

"Kin fasa? Ke da kike birgima a ƙasa ɗazu?"

"Ba zan iya kawo wa Dada shi a matsayin suruki ba. Ka gaya masa ba shi da laifi. Ka gaya masa ni ce na ce."

Malam Amadu ya dubi matarsa, ya dubi 'yarsa, sai idonsa ya ciko. Shi a ganinsa bai taɓa haihuwar 'ya mai hankali irin wannan ba. Ya ɗora hannu a kanta.

"Kin san darajar uwa. Allah ya yi miki albarka, Hindatu. Allah ya ba ki wanda ya fi shi."

Dada ta juya fuska ga bango, kafaɗunta na rawa.

"Ba ki amsa ba," in ji Malam.

"Amin, Baba," ta ce.